Tsofaffin sifikun da na ɗauko a kasuwar Terminus ta Jos

Jiya na dawo gida da Pioneer HPM-100 guda biyu a keke, ni da ƙanina muka dinga kama ɗaya-ɗaya muna shigarwa falo, kowace ta haura kilo 25 wallahi. Tun 1976 aka fara ƙera irin su, katakon akwatin kauri ne da shi, in ka ƙwanƙwasa da yatsa ba ka jin holoƙon nan na sifikun roba na yanzu.

Mai kayan ya ce "Alhaji lafiyarsu lau, ka biya kawai", amma ni ba na ciro kuɗi sai na jona ƙaramin batir a wayoyin baya na ga babbar sifikar ta motsa, sannan in danna tsakiyarta a hankali in saurara ko tana gogawa, in tana gogawa to wataƙila an taɓa ƙona ta. Masu soso a gefe kuma a duba da kyau, da shekaru soson rugurgujewa yake yi, na taɓa siyan irin su na yi asara.

Da daddare ga sanyin Jos, na sa tsohon kaset, sai na ji kalangu kamar makaɗin na zaune a gabana.