Yawon shan gahawa a Kano: abin da harshena ya gaya min

Duk wanda ya ce maka Kano garin gahawa ne faɗa kawai ya yi, mu nan shayi muka sani, haɗin kauri da biredi, in aljihu ya ɗan yi nauyi a soya ƙwai a ɗora Indomie. Amma a 'yan shekarun nan kafe-kafe sai ɓullowa suke ta yi, musamman ta wajajen Nasarawa GRA da Bompai da titin gidan Zoo, kana leƙa Instagram za ka ga yara sun ɗora hoton kofi da zanen zuciya a saman kumfa. Ni kuma aikina na kwamfuta ne, kullum cikin neman inda akwai wuta da intanet nake, toh tunda dole sai na sayi wani abu kafin a bar ni na zauna sai na ce bari na mayar da abun sana'a, duk inda na shiga na ɗanɗana da kyau na kuma lura da yadda suke karɓar mutane.

Dokar da na sa wa kaina ɗaya ce, ko ina na je baƙar gahawa nake fara nema, ba madara ba suga, esfireso ko amerikano, wato esfireso da aka ƙara wa ruwan zafi. Dalili kuwa madara da suga suna rufa wa kowa asiri, ko wace irin gahawa ka zuba wa madara da cokali uku na suga za ta shawu. In baƙar ta wuce sannan na ce a min kafacino, wato esfireso da aka zuba wa madara mai kumfa.

Ga wanda bai saba ba, esfireso ɗin nan ba wani abun mamaki ba ne, garin gahawa ake dannewa a wani ɗan ƙaramin cokali mai mariƙi a maƙala a jikin inji, injin ya turo ruwan zafi da ƙarfi ta cikinsa. Ƙa'ida daƙiƙa 25 zuwa 30 ya kamata ya ɗauka, abin da zai fito kuma bai fi kurɓa biyu ba, da wata 'yar kumfa ja-ja a samansa. In ka ga ya zubo shaaa cikin daƙiƙa goma to garin bai yi laushi ba, tsami da salam za ka sha, in kuma yana ta ɗiga da kyar har ka gaji da jira to ɗaci ne zai kashe ka. Shi ya sa ba na zama a kujera in na yi oda, tsayawa nake a gaban kanta ina kallo, wasu yaran ma har tsarguwa suke su ce "Yallaɓai ka zauna za a kawo maka", na ce a'a ƙanina ci gaba da aikinka kallo kawai nake.

Wurin da ya fi ko ina kyau a ido shi ya fi ba ni haushi. Gilas ta ko ina, fitilu masu ruwan zuma, kujeru lumtsuma, injin da ke kan kantarsu kuwa kai da gani ka san an kashe kuɗi. Aka kawo esfireso na kurɓa, wallahi kamar ƙanzon da ya kwana a tukunya ya ƙone. Na ce wa yaron dan Allah nuna min ledar 'ya'yan gahawar, ya ɗauko, daga Italiya aka shigo da ita, ba ranar da aka soya a jiki sai ranar lalacewa kawai, kuma ledar a buɗe take ko ɗaurewa ba a yi ba, an ajiye ta daidai inda rana ke dukan taga. Na tambaye shi yaushe yake niƙa, ya ce da safe yake niƙa na yini gaba ɗaya saboda kar ya ɓata wa kwastoma lokaci. Toh a nan matsalar take. Gahawa da zarar an niƙa ta ƙamshinta ya fara gudu kenan, balle a zafin Kano, wadda aka niƙa da hantsi in ta kai la'asar ɗacin kawai ya rage. Ba laifin yaron ba ne fa, ba wanda ya koya masa, mai wurin ya kashe miliyoyi a kan kujeru da fenti amma bai tura ma'aikacinsa koyon aiki ko na sati ɗaya ba.

Akwai kuma wani wuri da injin ado ne kawai. Na yi oda na ga yarinyar ta shige ciki ta bar injin a kashe, can ta fito da kofi ana ce min kafacino ne, ina kurɓa na gane ɗan sacet ɗin nan ne mai haɗe da madara da suga aka kaɗa aka barbaɗa Milo a sama. Da na matsa sai ta ce "Oga ba NEPA ne, kuma sola ba ta ɗaukar injin." Wannan gaskiya ne, injin esfireso yana jan wuta sosai tunda ruwa yake dafawa kuma dole ya zauna da zafi duk yini, ga man jen tun da aka cire tallafi a 2023 ba kowa ke iya kunna shi don kofi biyu ba. Ban ƙi uzurin ba, abin da na ƙi shi ne a karɓi kuɗin kafacino a ba ni abin da mai shayin layinmu zai haɗa min da kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Ku faɗa wa mutum gaskiya tun kafin ya zauna mana.

Inda na sha gahawa ta gaske wani ɗan ƙaramin shago ne a saman bene, teburansa ma ba su da yawa, fanka ce kawai sai wata tsohuwar esi da ke ta gurnani. Wata baiwar Allah ce ke haɗawa, ta ce a Abuja ta koya. Ita sai ka yi oda sannan take auna 'ya'yan a ɗan sikeli ta niƙa a gabanka, ƙamshin ma kaɗai ya isa ka san ka zo wuri. Ta ce min na ranar daga Habasha suke, kuma gaskiya ban taɓa sanin baƙar gahawa za ta iya yin ɗan zaƙi-zaƙi da ɗanɗanon 'ya'yan itace ba tare da an sa komai ba sai a wurinta. Kafacinonta ma daban, madarar ba ta ƙona baki, ta ce in madara ta wuce digiri 65 zuwa 70 zaƙinta na asali tafiya yake ta koma warin dafaffiya, shi ya sa in kwastoma ya ce a ƙara masa zafi sai ta ɗumama kofin da ruwan zafi maimakon ta tafasa madarar. Na ce Hajiya ai mu Hausawa in abu bai ƙona harshe ba ba mu yarda an dafa ba, ta yi dariya ta ce kullum sai ta yi wannan rigimar da mutane.

A wurinta na ƙara fahimtar bambancin irin nan biyu da ake ta faɗa, arabika da robusta. Arabika ita ce mai ƙamshi da ɗan tsami mai daɗi, tana son tsauni da sanyi, asalinta Habasha. Robusta ta fi ɗaci, sinadarin hana barcinta ya kusa ninka na arabika, ta fi jure zafi kuma ta fi araha, ita ce Biyetnam ke nomawa da yawa har ta zama ta biyu a duniya bayan Barazil, kuma ita aka fi zubawa a gahawar gwangwani da ta sacet. Abin da ya tsaya min a rai shi ne muna da arabika a ƙasar nan, a tsaunin Mambila da ke ƙaramar hukumar Sardauna a Taraba, cibiyar binciken koko ta CRIN da ke Ibadan ma gahawa da ganyen shayi suna cikin aikinta kuma tana da reshe a can Mambilan. Ganyen shayin Highland da ake nomawa a Kakara ya shiga teburan masu shayi, amma gahawar Mambila duk kafen da na tambaya sai a tsaya ana kallona, daga mai ta Italiya sai mai ta Habasha ko Kenya, duk da dala aka sayo, shi ya sa kuɗin kofi ɗaya zai saya maka Indomie da ƙwai da shayi har ka ba yaron mai shayi canji.

Maganar tarɓar baƙi kuwa a taƙaice yawancinsu sai a hankali. Ka yi sallama weta na kan waya, ka jira ka gaji, in an tashi kawo risit ka ga an ɗora harajin VAT na kashi 7.5 da wani kuɗin hidima da ba a rubuta a menu ba, ka miƙa kati a ce POS ba netwok ka yi taransfa ka tsaya sai alat ya shigo. Wasu kuma kiɗa ne kamar gidan biki, kai da wanda kuka zo tare sai kun ɗaga murya. Yanzu kafin na zauna abubuwa uku nake dubawa, soket kusa da tebur, banɗaki mai ruwa, da wurin sallah, don akwai inda Magariba ta same ni na tambayi inda zan yi alwala aka nuna min bayan jen.

Amma fa akwai abu ɗaya da kafe-kafen nan suka yi wanda dole a yaba musu, kuma ni namiji ban lura da shi ba sai da ƙanwata ta faɗa min. Ta ce Yaya ku kuna da teburin mai shayi kuna da majalisa, mu ina muke da shi? Mace ba ta zama a bencin mai shayi a garin nan, ko yunwa za ta kashe ta sai dai ta aiki yaro. A kafe kuwa za ka ga 'yan mata ɗaliban BUK sun baje littattafai, ga masu sayar da kaya a intanet suna lissafi da kwastomominsu, ba mai kallonsu ba mai tambayar me ya fito da su. Ta ce ita ko gahawar ba daɗi za ta biya, wurin zaman take saya. Tun ranar na rage zafin hukuncin da nake yanke wa masu gilas da fitilun nan.

Ban tsaya a na zamani kaɗai ba. Akwai wani dattijo ta wajen Fagge da ke dafa gahawa a kurfoti, ya ce ya daɗe a Sudan kafin ya dawo gida, irin tasu yake yi ta jabana, ya soya 'ya'yan da kansa a ɗan kasko har su yi baƙi ya daka a turmi ya sa citta, yana zubawa a finjali. Tana da ƙarfi tana da yaji, sai ka ji ta har cikin ƙirji, in da sanyin hunturu ne kuwa ba a magana. Ba irin ta Saudiyya ba ce da alhazai suka sani, waccan sama-sama ake soya ta shi ya sa take fitowa ruwan ɗorawa, da wani kayan ƙamshi da ake kira hel ake haɗa ta a sha da dabino, UNESCO ma ta sa ta cikin al'adun duniya a 2015. Ta Baba kuwa baƙa ce wuluk. Na ce Baba ba a rage sugan ne, ya ce "Ɗana wannan ba a shan ta haka, sai dai in kana so ka kwana kana ƙirga azara", na dai lallaɓa shi ya zuba min ba suga, kuma ta shawu, abin da kafen gilas ɗin can ya kasa. Baban ne ma ya ce na gwada jefa kimba a ciki, ashe haka mutanen Senegal ke yin tasu da suke kira Kafe Tuba, na gwada a gida kuma ta yi, sai dai a sa kaɗan don kimba ba ta da wasa.

Mai shayi kuma ai ba sai na gabatar da shi ba. Gahawarsa Nescafé ce, wadda kamfanin Nestlé ya fito da ita tun 1938, ita dafaffiyar gahawa ce aka busar ta koma gari, don haka kar ka je neman wani ƙamshin Habasha a ciki, aikinta ta buɗe maka ido ne kawai. Amma wajen hidima duk sai su zo su ɗauki darasi a wurinsa. Tun daga nesa ya hango ka ya san haɗinka, ya san wanda ke son ruwan bunu da wanda sai an cika masa Peak, yana sheƙa shayi tsakanin kofuna biyu yana juya ƙwai yana raba gardamar Arsenal da Man U duk a lokaci ɗaya, in ba ka da kuɗi ya rubuta a littafi. Inda nake da ƙorafi da su shi ne ruwan wanke kofi, roba ɗaya tun asuba har hantsi, sai kuma hannunsu a suga, in ba ka riƙe cokalin ba sai an zuba maka abin da zai kai ka layin masu ciwon suga. Ni yanzu da kofina nake zuwa, da farko ana min dariya a majalisar yanzu har mutum biyu sun fara kwaikwayo.

Wani abu da jikina ya koya min a yawon nan, duk daɗin gahawa ba na shan ta bayan La'asar, don sinadarin hana barcin nan awa biyar bayan ka sha kusan rabinsa na nan a jini, ka kwanta ido ƙyam ga asuba na jiranka. Kuma ba na shan baƙa da cikin wofi.

Yanzu dai na yi magana da wani direba da ke lodin Gembu ya ce zai taho min da ɗanyun 'ya'yan Mambila mudu ɗaya, Baba na Fagge ya yarda zai soya min rabi a kaskonsa amma na roƙe shi kar ya bari su yi baƙi sosai, sauran rabin kuma Hajiyar saman bene ta ce na kawo ta aika Abuja a soya mata a inji, in sun dawo sai an bar su sun huta kamar sati ɗaya kafin ta sa a nata injin mu ji ko za su yi esfireso.