Alhamis, a rumfar mai faci

Yau kasuwar Maigatari ke ci, amma ban je ba, domin tayar kekena ta baya ta sace tun kafin in fita gari. Muna zaune da Kawu a rumfar mai faci sai Sani ya miƙo mini wayarsa, ya ce in kalli wani Bature da ke tuƙa keke a tsaunukan Pamir na ƙasar Tajikistan, a kan hanyar da Tarayyar Sobiyet ta shimfiɗa a shekarun 1930. A mashigar Ak-Baital, mai tsayin mita 4,655, iskar shaƙa ta yi ƙarancin da sai da mutumin ya sauka yana tura keken, yana tsayawa yana haki.

Kawu ya ce wahalar dutse ba ta ba shi mamaki ba, abin da yake son ji shi ne dalilin da sojoji ke tare bawan Allah a kowane shinge. Na gaya masa cewa biza kaɗai ba ta wadatar ba, sai da takardar izini ta musamman ake shiga lardin Badakhshan na Tajikistan, inda tsaunukan suke, saboda hanyar tana bin gaɓar kogin Panj, ana hango ƙauyukan Afganistan a tsallake. Na ƙara da cewa na Tibet ya fi tsanani, domin tun bayan tarzomar 2008 hukumomin Sin ba sa barin baƙo ya yi yawo shi kaɗai. Dole ne ya bi ta hannun kamfani, a haɗa shi da ɗan jagora da mota.

"Keke a gaba, mota a baya? Ɗana, ai wannan rakiyar amarya ce," in ji Kawu, har mai faci ya ajiye famfo don dariya. Daga nan ya ba mu labarin yadda yake kai goro Damagaram a kan Raleigh lokacin ƙuruciyarsa, ba tare da kowa ya nemi takarda a hannunsa ba.

Na yi dariyar tare da su, amma raina bai sake ba har la'asar. Ina ta tuna rufe iyakar da aka yi a 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023, lokacin da Inna ta kasa zuwa ta'aziyyar ƙanwarta a Magarya, alhali babu tsauni ko ɗaya tsakaninmu da su.

Bayan isha'i na tambayi Sani ko Baturen ya isa birnin Osh na ƙasar Kirgistan, inda hanyar ta ƙare, ya ce datarsa ta ƙare.