Yadda na tace tarihin Lee Marvin, daga Saipan zuwa Oscar

Da na zauna rubuta tarihin Lee Marvin, ɗan wasan fim na Amurka da ya yi yaƙin duniya na biyu, farkon abin da na yi shi ne raba takarda gida biyu. Hagu na aikin soja, dama na fim. Na kafa wa kaina doka ɗaya: duk labarin da bai zo da kwanan wata ba, ba zai hau takardar ba sai an samo masa. Wannan dokar ce ta yi mini kusan dukkan aikin, domin tarihin ɗan fim da ya yi soja ya fi kowane saurin gaurayewa da ƙarya. Masu tallan fim sun ƙara gishiri, masoya sun ƙara nasu, sannan mutumin ya shekara talatin yana sanya kakin soja a gaban kyamara.

Ga abin da ya tsaya a hagu. An haife shi a Niyok ranar 19 ga Fabrairu, 1924. Ya shiga rundunar sojojin ƙundumbala, wato Marines, a watan Agusta na 1942, yana ɗan shekara 18. An sa shi a runduna ta 4, rejimanti na 24, bataliya ta 3, kamfanin I. Sojojin Amurka sun sauka tsibirin Saipan da ke tekun Pasifik ranar 15 ga Yuni, 1944, kuma cikin kwanakin farko na faɗan harsashin bindiga mai jigida ya same shi a ɗuwawu, ya taɓa babbar jijiyar da ta taso daga ƙugu ta gangara ƙafa. Ya haura shekara a asibitin soja, aka sallame shi a 1945 saboda raunin, da igiya ɗaya a hannu, wato muƙamin da ke ƙasa da kofur. An ba shi lambar Purple Heart.

A nan na fi daɗewa, don a nan ƙaryar ta fi kauri. Akwai labarin da ya shekara da shekaru yana yawo a intanet, cewa a Iwo Jima, wani tsibiri na Japan, aka harbe shi, cewa an ba shi Navy Cross, kuma wai sajensa a fagen daga shi ne Bob Keeshan, mai shirin yara a talabijin. Labarin na shiga kunne saboda yana da ƙafa ɗaya a gaskiya: runduna ta 4 ta yi yaƙi a Iwo Jima. Amma ɗora shi a kan kwanan wata ka gani. An sauka Iwo Jima ranar 19 ga Fabrairu, 1945, ranar da Marvin ya cika shekara 21, wata takwas bayan an kwashe shi daga Saipan, yana jinya. Shi kuwa Keeshan an haife shi a 1927, ya shiga soja a 1945, yaƙin ya ƙare bai ga fagen daga ba. Layi biyu na lissafi sun rushe labarin duka.

Batun lambobi ma sai an lura. Purple Heart ta wanda aka raunata ko aka kashe a hannun abokan gaba ce, shaidar jinin da ya zuba. Navy Cross kuwa ta bajinta ce, ita ke bin babbar lambar ƙasar, kuma kowace guda tana da takardar yabo mai bayyana abin da mutum ya yi da ranar da ya yi shi. Idan an ce wani ya samu irin wannan lamba, nemi takardar yabon. Idan babu ita, kada ka rubuta. Ni a ganina, liƙa wa mutum lambar da bai samu ba raina raunin da ya samu ne da gaske, kamar ana cewa shekara guda a gadon asibiti ba ta isa ba.

Wurin neman takardun asali shi ne cibiyar adana bayanan ma'aikata ta ƙasa da ke St. Louis a jihar Missouri. Ana cike fom mai lamba 180, a sa cikakken sunan da mutum ya yi aiki da shi, ranar haihuwa da wurinta, reshen soja, shekarun aiki, da lambar soja in an san ta. Fayil na buɗewa ga kowa bayan shekara 62 da barin aiki, saboda haka na wanda aka sallama a 1945 ya buɗe tun 2007. Abin da ke kawo cikas shi ne gobarar ranar 12 ga Yuli, 1973, wadda ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 da 18. Kusan kashi 80 cikin ɗari na fayilolin sojojin ƙasa da aka sallama daga 1912 zuwa farkon 1960 sun tafi, haka kuma kaso mai yawa na sojojin sama. Na sojojin ruwa da na ƙundumbala ba su cikin waɗanda gobarar ta lashe. Don haka kafin ka aika buƙata, fara sanin reshen da mutuminka ya yi. Mai binciken ɗan ƙundumbala yana da sa'a. Mai binciken sojan ƙasa na wannan zamanin sai ya haɗa daga takardun biyan albashi da na asibiti. Kuskure ɗaya da na yi da fari shi ne neman takardar sallama mai lamba 214, wadda kowa ya sani. Sai a 1950 aka fara amfani da ita. Sojojin yaƙin duniya na biyu da wasu takardun daban aka sallame su.

Ɓangaren dama ya fi sauƙi, amma yana da ramuka biyu. Bayan yaƙi ya yi aikin yaron mai gyaran famfo a garin Woodstock na jihar Niyok, ya fara wasan daɓe a can, ya karanci wasan kwaikwayo da tallafin karatu da gwamnati ta ba tsofaffin sojoji. Ya fara fitowa a fim a 1951, ya shafe shekarun 1950 yana fitowa a mugu, sannan daga 1957 zuwa 1960 ya ja ragamar wani shirin 'yan sanda a talabijin.

Rami na farko shekarar lambar yabo ce. Ya ci Oscar ta gwarzon ɗan wasa da Cat Ballou, fim na barkwanci inda ya fito a mutum biyu, ɗan bindiga mashayi da wani makashi. Fim ɗin na 1965 ne, bikin kuma an yi shi a Afrilun 1966. Wasu na rubuta wannan shekarar, wasu waccan, mai karatu ya ɗauka lambobi biyu ne. Na koma rubuta duka biyun a jimla guda kowane lokaci. Lambar da ya samu a bikin fina-finai na Balin kan wannan fim kuwa a 1965 ɗin aka ba shi, don haka tana gaba da Oscar a jeri.

Rami na biyu hotuna ne. A The Dirty Dozen na 1967 ya fito a manjo na sojan ƙasa a Turai, a The Big Red One na 1980 kuma saje ne a runduna ta 1 ta sojan ƙasa. Hotunan waɗannan fina-finai su ne ake yawan liƙawa da sunan hotunan yaƙinsa. Gane su ba wuya. Ya bar soja yana ɗan shekara 21, to duk hoton da ka ga furfura a kai na fim ne. Bayan haka dubi kakin da alamar muƙami: shi bai yi sojan ƙasa ba, bai yi yaƙi a Turai ba, bai taɓa zama hafsa ba.

Ya rasu ranar 29 ga Agusta, 1987, a Tucson ta jihar Arizona, sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 63. An binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington, kusa da ɗan damben nan Joe Louis. Na ajiye dutsen kabarin ya zama gwajin ƙarshe na takardata, domin daga bayanan soja ake ɗauko abin da ake sassaƙawa a kansa. Sunansa ne a kai, da muƙaminsa na mai igiya ɗaya, da rundunar ƙundumbala, da yaƙin duniya na biyu, da ranar haihuwa da ta rasuwa. Ba a ambaci fim ko Oscar ba. Na gwada shi da ɓangaren hagu na takardata layi bayan layi, suka yi daidai.