Kafin ka kwashe rubutunka zuwa sabon dandali

Sau uku ina ɗauke rubuce-rubucena na fasaha daga wani dandali zuwa wani, kuma babu ƙaurar da ban yi asara a cikinta ba. Ƙannena da kuka fara rubuta bayanin waya da manhaja da Hausa, ga inda na yi tuntuɓe.

Na fara ne a dandalin kyauta, adireshina yana rataye a jikin nasu. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Ranar da na tashi, duk mahaɗan da mutane suka yaɗa a WhatsApp da Facebook suka mutu. Wanda ya zo neman yadda ake sa madannan Hausa a waya sai ya tarar da 404, saƙon da ke nufin ba a sami shafin ba. Akwai turawa ta 301, mai sanar da Google da mai karatu cewa shafi ya koma sabon wuri dindindin, amma sai kana da iko da tsohon adireshin. Da tun farko na yi rajistar adireshin intanet na kaina, ko da na .com.ng ne da NiRA, hukumar rajistar adireshin intanet ta Najeriya, ke kula da shi, da na tafi da masu karatuna. Kada girman kamfani ya ruɗe ka: an rufe dandalin GeoCities a 2009, Posterous a 2013, Google+ a 2019.

A ƙaura ta biyu hotuna na rasa. Fayil ɗin XML da WordPress, manhajar gina shafin intanet, ke fitarwa don ƙaura rubutu ne da adireshin hotuna, su hotunan ba sa ciki. Ban bincika ba na goge tsohon wurin. Darasin da ke cewa "danna nan, kamar yadda ka gani a hoto" ya zama ba shi da amfani.

Ta ukun ce har yau take min ciwo, domin ta taɓa harshen kansa. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, suna zama lafiya a tsarin adana haruffa na UTF-8, amma babu su a tsarin latin1. Na zuba rumbun bayanaina a sabuwar saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, cikin dare, ban duba tsarin haruffanta ba. Da safe na ga "ƙasa" ta koma "Æ™asa", "ɗaki" ya koma "É—aki". Wannan da sauƙi, ana iya dawo da shi. Cikin gaggawar gyara ne na juya komai ta hanyar da ba ita ba, haruffan suka zama alamar tambaya, kuma ban ajiye kwafi ba. To "?aya" ɗaya ce ko ƙaya? "?ari" ɗari ne, ƙari ne, ko ɓari? Babu manhajar da za ta raba maka wannan, sai ka bi jimla-jimla da idonka. Wasu na tsamo su daga Wayback Machine, ma'ajiyar tsoffin shafukan intanet, sauran da hannu nake gyara su.

Yanzu kowane rubutu a kwamfutata yake fara zama, a fayil na zallan rubutu, hotunansa a gefensa, da kwafi a filashi. Idan za ka tashi, fara ɗaukar rubutu biyar masu hotuna da haruffan nan ka gwada, ka buɗe su a waya ka karanta. Tsohon wurin kuma ka bar shi a tsaye ko da wata uku ne.