Riƙe mawaƙi daga ƙauye

Mutane sun ɗauka manajan mawaƙi aikinsa kawai amsa waya da karɓar kuɗi, wallahi ba haka bane. Yaron da nake riƙewa a nan wajen Ringim, ni ke cinikin waƙar biki da dangin amarya, ni ke kai shi situdiyo a Zoo Road can Kano in zauna har a gama miksin, sannan mu ɗora a Audiomack. YouTube kuwa sai ka tara mabiya 1000 da awa 4000 na kallo kafin kuɗin talla ya fara shigowa, mu da netwok ma sai an hau tudu. Masu turi a shagon caji su ke yaɗa waƙar, ko sisi ba ma gani, amma dai ta nan ake kiranmu biki.