Gidan da ya karkace shekara ɗari huɗu bai faɗi ba

Daga Manchesta muka shiga jirgin ƙasa ni da yayata, muka sauka Congleton a yankin Cheshire na Ingila, tasi ta ƙarasa da mu. Ana yayyafi. Muna shan kwana sai ga Little Moreton Hall tsaye a tsakiyar gwalalo cike da ruwa, baƙi da fari kamar zanen lalle, benen sama ya bankaro gaba, tsakiyarsa ta lotsa.

"Kai, ni ba zan shiga wannan ba," in ji Yaya. "Yau zai rufto."

"Yaya, tun kafin a haifi kakan kakanmu yake haka."

Wani mai gonaki, William Moreton, shi ya soma ginin wajen 1504, 'ya'ya da jikoki suka yi ta ƙari har kusan 1610. Ƙashin ginin duk katako ne, an sassaƙa an zura wani cikin wani, an danne da turakun ice. Tsakaninsu kuma saƙar ƙirare ce aka yaɓe da laka. Na kai hannu zan shafa, wata ma'aikaciya ta yi min murmushin da na gane nufinsa, na janye.

A tsakar gida na daɗe ina ɗaga kai. Tagogi ne manya, ƙananan gilasai dubbai da aka haɗa da darma, a zamanin da gilashi sai mai hannu da shuni. Sama da su kafintan, Richard Dale, ya sassaƙa sunansa da shekarar 1559. Wannan ya burge ni fiye da sunan maigidan.

Abin da ya lanƙwasa gidan yana can ƙoli: dogon zaure mai tsawon mita 21 da aka ɗora daga baya a kan ginin da ba a shirya masa wannan kaya ba, aka kuma rufa shi da faifan dutse masu nauyin tan 30 da ɗoriya. Bango ya buɗe, daɓe ya yi tudu da kwari. Tafiya a kai sai ka ce cikin kwalekwale. Yaya da ta rantse ba za ta shiga ba, ita ce ta je ƙarshensa ta dawo har sau biyu.

A ganina talauci ne ya ceci gidan. Iyalin sun goyi bayan sarki a yaƙin basasar Ingila, arzikinsu ya karye, suka bar wa manoma 'yan haya. Babu mai kuɗin rushewa ya yi na zamani. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka ɗaure zauren da sandunan ƙarfe. A 1938 aka miƙa gidan ga ƙungiyar National Trust mai kula da wuraren tarihi, yanzu kuma yana rukunin farko na gine-ginen da doka ta hana a taɓa ba da izini ba. Wajen 1990 an sake saƙala masa ƙarfe a ɓoye don ya ɗauke nauyin rufin, amma ba a miƙar da karkatar ba. An bar ta yadda take.

Wajen fita na manta ƙofofin gajeru ne, goshina ya gaisa da katako. Har muka koma tasha Yaya tana dariya.