Ina +15 ɗin nan ta fito?

Da zarar jarrabawar WAEC ta matso, yaran da nake koya wa lissafi bayan la'asar a nan Mabera sai su cika mini tabarma. Abin da ke kayar da yawancinsu a aljabra shi ne alamar ɗebewa idan ta shiga baka, wato wannan alamar ( ).

Ga wanda nake fara ba su: (x − 3)(x − 5). Duk abin da ke bakan farko sai ya ninka duk abin da ke na biyu, ninki huɗu ke nan. x sau x, x². x sau −5, −5x. −3 sau x, −3x. Har nan lafiya lau. A na huɗun ake rabuwa: wasu su rubuta −15, wasu +15. Masu +15 ɗin ma in ka ce "don me?" sai su rera maka "mainos sau mainos fulos". Ni kuwa hadda ba ta gamsar da ni a nan, don ranar da yaro ya ruɗe a ɗakin jarrabawa ita ce ke fara guduwa.

Sai in sa x ta zama 10. A ce kana da fili, mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, murabba'in mita 100 ke nan. Hanya ta ci mita 3 ta gabas, wata ta ci mita 5 ta kudu. Saura 7 sau 5, wato 35. To, ɗebe 30 na hanyar gabas da 50 na ta kudu daga 100, sai ka ga 20. Ina sauran? Kusurwar da hanyoyin suka haɗu, 3 sau 5, sau biyu ka ɗebe ta, dole ka mayar da 15. Shi ya sa amsar ta zama x² − 8x + 15. (Tun shekarar 628 Brahmagupta na Indiya ya rubuta wannan ƙa'ida ta mainos sau mainos, shi da bashi da dukiya ya yi bayaninta.)

Wanda ya fi cinye wa yara maki a ɓoye kuwa shi ne irin 7 − (x − 2). Yaro zai buɗe baka ya bar −2 yadda take. Ɗebewar da ke ƙofa ta shafi duk abin da ke ciki: 7 − x + 2, wato 9 − x. Kafin ka miƙa takarda, ka sa 10 a gurbin x a tambayar da kuma amsarka. Nan duka biyun −1 suke bayarwa.